Taɓa Saiti Don Ƙara Gudun Intanet: Me Ya Rage A Cikin Tsohuwar Dabara?

Wani hutu da na yi a gidan yayana a Amurka ne ya dawo da ni kan wannan batu. Intanet ɗinsa na kebul ne, irin wanda ke shigowa gida ta zagayayyiyar wayar talabijin mai tsinken tagulla a tsakiya. Megabit 300 yake biya duk wata, amma duk gwajin da ya yi a kwamfutarsa ta tebur, 94 yake gani. Da safe 94, da tsakar dare 94. Ya shafe makonni yana bin shawarwarin masu bidiyo. Ya canja DNS, ya shiga rajistar Windows ya sauya lambobin da shi kansa bai san aikinsu ba, ya kuma sauke wata manhaja mai alƙawarin ninka gudu. Lambar ko gezau.

Na ce, "Yaya, wannan wayar da ta taho daga rauta zuwa kwamfuta, yaushe ka saye ta?"

Ya ce, "Ai tun muna tsohon gida nake da ita. Lafiyarta ƙalau."

Muka zare ta, muka lalubo sabuwar da ta zo cikin kwalin rauta, tana nan a naɗe ba a taɓa kwance ta ba. Gwajin farko ya haura 300. Wayar irin wannan silli takwas ne a cikinta. Gudun gigabit yana buƙatar dukkan takwas ɗin, gudun megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Silli ɗaya ya karye a wuyan tsohuwar wayar, sai na'urorin biyu suka koma 100 shiru ba tare da sun gaya wa kowa ba. In aka cire ɗan abin da adireshi da lissafi ke ci, 94 ke saura. Makonni ke nan an bar jaki ana dukan taiki.

Amma bai kamata a yi wa yayana dariya ba. Shawarwarin da ya bi suna da asali, kuma akwai zamanin da suka yi aiki ƙwarai. Abin tambaya shi ne: me ya sa suka yi aiki a da, me ya canja, kuma wanne saiti ne har yanzu ya cancanci a taɓa?

Zamanin da dabarar ta ci

Kusan duk abin da muke saukewa yana tafiya ne bisa wata yarjejeniya da ake kira TCP. Ƙa'idarta mai sauƙi ce. Mai aikawa ba ya zubo data kara zube. Yakan turo wani adadi, ya dakata har mai karɓa ya ce "ya iso", sannan ya ƙaro. Adadin da aka yarda a turo kafin wannan amsa, mai karɓa ne ke faɗar sa, kuma shi ake kira tagar karɓa.

Ɗauki misalin ɗan garuwa da ke kawo maka ruwa daga rijiyar burtsatse. Ruwan da zai shigo gidanka cikin awa ɗaya ya dogara da abu biyu: jarka nawa ka ce ya riƙa ɗorowa a kurarsa, da kuma tsawon lokacin zuwa da dawowa. Ko rijiyar ambaliya take yi, in jarka biyu ka yanke masa, biyun zai kawo, ya jira ka juye, ya koma. In rijiyar tana bakin ƙofa, ba za ka ji a jikinka ba. In tana bayan gari, randarka ba za ta cika ba.

Windows 95 da Windows 98 an gina su ne a zamanin modem ɗin wayar tarho, wanda iyakarsa kilobit 56. Tagar karɓarsu kimanin bayit 8,000 ce, kuma ta wadatar a lokacin. Da intanet na kebul ya fara shiga gidaje a Amurka da Kanada a ƙarshen shekarun 1990, sai lissafi ya rikice. A ce zuwa da dawowa tsakaninka da shafin da kake saukewa milisakan 100 ne. Sau goma ke nan a daƙiƙa ɗaya. Bayit 8,000 sau goma ya ba da 80,000, wato kilobit 640. Layinka na iya kawo megabit 2 ko 3, amma kwamfutarka da bakinta ta ce kada a wuce 640. Windows 2000 ta ɗaga tagar zuwa kimanin bayit 17,500, wanda a wannan nisan bai wuce megabit 1.4 ba.

To a nan wanda ya shiga rajista ya ɗaga lambar zuwa 64,000 yakan ga gudu ya ninka a gabansa. Gani ya kori ji. Ƙananan manhajoji irin su DrTCP da TCP Optimizer sun yi suna ne a kan wannan gyaran, kuma sun ci sunan. Asalin ƙirar TCP ba ta bari taga ta wuce bayit 65,535, amma tun 1992 aka fito da hanyar faɗaɗa ta, kuma kunna wannan hanya yana cikin abubuwan da manhajojin ke yi.

Sai Windows Vista ta fito wa jama'a a farkon 2007 da sabon tsari: kwamfuta na auna nisa da faɗin layi da kanta, tana buɗe taga ko rage ta ga kowane haɗi daban. Linux da kwamfutocin Apple da wayoyin hannu duk haka suke yi. Tsohuwar lambar rajistar ma Windows ta daina kallonta. Cutar ta warke, amma takardar maganin ta ci gaba da yawo hannu zuwa hannu har yau.

Wa ke riƙe da linzamin gudu

Kafin a auna sauran dabarun, sai an san inda gudun kebul yake fitowa. Modem ɗin kebul yana aiki ne da tsarin DOCSIS, wanda cibiyar CableLabs ta Amurka ta fitar da kashinsa na farko a 1997. Duk lokacin da aka kunna modem, yakan gaisa da na'urar kamfani, ita kuma ta turo masa ƙaramin fayil mai ɗauke da iyakar gudunsa na saukewa da na ɗorawa, gwargwadon kuɗin da ka biya. Wannan iyaka ba ta cikin kwamfutarka, don haka babu maɓallin da za ka danna a Windows ya motsa ta. Masu ƙoƙarin sauya fayil ɗin a ɓoye satar sabis suke yi. A 2012 wata kotun tarayya a Boston ta yanke wa wani mutum ɗaurin shekara uku saboda sana'ar sayar da kayan fasa modem.

Abu na biyu, layin kebul na tarayya ne. Gidajen unguwa ɗaya suna raba ƙarfin reshe guda. Wanda ya zauna a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje fiye da ƙima ya san yadda ƙwan lantarki ke yin ja bayan magariba. Haka kebul yake: in gudunka cikakke ne da hantsi amma ya zube daga bakwai zuwa goma sha ɗaya na dare, cunkoson reshe ne, kuma kamfani kaɗai ke iya raba shi.

Abu na uku shi ne wanda aka fi mantawa. An shimfiɗa kebul ne don kawo talabijin cikin gida, ba don fitar da komai ba. Ɗan siririn yanki aka ware wa ɗorawa, a Amurka daga megahaz 5 zuwa 42 a tsohon tsari. Shi ya sa mai megabit 300 na saukewa zai iya samun 10 ko 20 kacal na ɗorawa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dabarun da ake yaɗawa, ɗaya bayan ɗaya

Tagar karɓa. A Windows na yanzu, abin da ya dace shi ne a tabbatar ba a kashe tsarin auna kai ba. Umarnin netsh interface tcp show global yana nuna matsayinsa, kuma kalmar da ake so a gani a gabansa ita ce normal. Wasu bidiyoyi na cewa a kashe shi. Wanda ya kashe ya mayar da tagarsa bayit 65,535, wanda a nisan milisakan 100 kimanin megabit 5 ne kacal. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

MTU. Wannan girman kowane ƙunshin data ne, ko ka ce girman jarka ɗaya. A layin kebul 1500 ne, kuma haka yake zuwa a saite. Lambar 1492 ta layukan da ke amfani da PPPoE ce, irin yawancin DSL, 576 kuwa gadon zamanin tarho ce. Mai shakka zai iya gwadawa da ping -f -l 1472 sai adireshin wani shafi. In amsa ta dawo, 1472 da bayit 28 na kan ƙunshi sun cika 1500, babu abin gyarawa. Rage MTU ba gaira ba dalili yana ƙara yawan ƙunshi ne, kowanne da nasa adireshin da zai ci wuri. Inda yake da amfani shi ne in ana bi ta VPN kuma wasu shafuka suna maƙalewa rabi a buɗe.

Kashi 20 da aka ce Windows na ɓoyewa. Tun zamanin Windows XP ake yaɗa cewa Microsoft ta ware wa kanta kashi 20 cikin 100 na layinka, kuma in ka mayar da lambar sifili za ka ƙwato shi. Saitin yana nan, amma fassarar ce karkatacciya. Lambar iyaka ce ga abin da manhaja za ta iya neman a keɓe mata in ta buƙaci fifiko. In ba wadda ta nema, ko ta nema ba ta yi amfani da shi ba, layin duka naka ne.

DNS. Wannan ya fi sauran tushe. DNS shi ne mai kwatance: ka ba shi sunan shafi, ya ba ka lambar gidan. Google ta buɗe nata, 8.8.8.8, a Disamban 2009, Cloudflare ta buɗe 1.1.1.1 a Afrilun 2018. In mai kwatancen kamfaninka nawa gare shi, canja shi zai sa shafuka su fara buɗewa da ɗan sauri, musamman masu jawo hotuna da tallace-tallace daga wurare ashirin. Amma da zarar an gane gida, aikinsa ya ƙare. Fim ɗin da kake saukewa ba ya bi ta hannunsa, don haka ba zai ƙara ko megabit ɗaya ba. Wani lokaci ma yakan kwatanta maka reshen kamfanin bidiyo da ya fi nisa, gudu ya ragu.

Manhajojin ƙara gudu. Masu gaskiya a cikinsu waɗannan saitukan na sama suke taɓawa. Marasa gaskiya talla suke cusa maka, ko su zauna a bayan fage suna shan layin da suka ce za su faɗaɗa.

Inda matsatsin ya koma

Hanyar data sarƙa ce: shafi, manyan layukan duniya, kamfani, reshen unguwa, wayar bango, modem, rauta, Wi-Fi, sannan na'urarka. Gudun da kake gani na mafi ƙuncin mahaɗa ne. A 1999 mafi ƙunci yana cikin kwamfuta. Yau ya koma tsakanin bango da kujerar da kake zaune.

Don haka awo ke gaba da gyara. Haɗa kwamfuta da waya mai kyau kai tsaye, rufe komai, ka gwada da Speedtest ko Fast.com da safe da kuma dare. Ka tuna megabit daban, megabayit daban: takwas ke yin ɗaya. Mai layin 100 da ya ga fayil na sauka a megabayit 12 cikin daƙiƙa ya samu haƙƙinsa cif. In gwajin waya ya cika amma na Wi-Fi ya gaza, ka san ɗakin da ɓarawon yake.

Wi-Fi shi ne babban wanda ake zargi a yawancin gidaje. Zangon gigahaz 2.4 yana ratsa bango da kyau, amma tashoshi uku kawai gare shi da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a gidan bene mai haya da yawa kowa a kansu yake. Na'urar ɗumama abinci ma a wannan zangon take hayaniyarta. Zangon gigahaz 5 ya fi faɗi da sauri, sai dai bango biyu ko uku na karya shi. Saitin da ke biya a nan shi ne a ɗora talabijin da kwamfuta a kan 5, a bar 2.4 ga na'urorin nesa, a zaɓi tasha mai ƙarancin maƙwabta. Abin da ya fi duka biya kuwa hannu ake sa wa: a fito da rauta daga bayan talabijin ko cikin kabad, a ɗora ta sama a tsakiyar gida.

Modem ma yana da shafinsa, wanda a mafi yawansu ake samu a adireshin 192.168.100.1. Ba a canja komai a can, karantawa ake yi. Ma'aikatan kebul sun fi son ganin ƙarfin siginar shigowa tsakanin -7 da +7. In ƙarfin da modem ke fitarwa ya haura 50, alama ce yana ɗaga murya don a ji shi, wato akwai abin da ke tare hanya. Sau da yawa ɗan ƙarfen nan ne mai raba waya gida biyu, ɗaya ga talabijin ɗaya ga modem. Kowane irinsa yana cin desibel 3.5, kimanin rabin sigina, kuma a tsofaffin gidaje akan tarar da biyu ko uku a jere, wani ya yi tsatsa, wani yana ciyar da ɗakin da ba kowa. Kan waya da ya saki ma yana jawo kurakurai, a yi ta maimaita aike.

Shekarun modem ɗin su ma abin dubawa ne. Tashar kebul ɗaya a Amurka tana ɗaukar kimanin megabit 38. DOCSIS 3.0 na 2006 ya kawo ɗaure tashoshi da yawa wuri guda, don haka modem mai tasha 8 iyakarsa wajen 300, mai 32 ya haura 1,000. DOCSIS 3.1 na 2013 ya wuce nan. Wanda ya sayi babban layi ya bar tsohon modem ya sayi rijiya ya riƙe ƙaramar guga.

Saitin da ya rage, kuma ragi ne

Akwai wani ciwo da gwajin gudu ba ya nunawa a babbar lambarsa. Layi na da ƙarfi, amma da zarar wani a gidan ya fara tura bidiyo, ko waya ta fara kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar Google ko iCloud, sai kiran WhatsApp ya fara yankewa, shafuka su tsaya cak. Wani injiniya mai suna Jim Gettys ya bi diddigin wannan a 2010, bayan ya lura da shi a layin gidansa yana ɗora manyan fayiloli. Shi ya yaɗa sunan da ake kiran matsalar da shi, bufferbloat, wato kumburin ma'ajiyar jira.

Ga yadda abin yake. Masu ƙera modem sun ga ƙwaƙwalwar na'ura ta yi arha, sai suka sa wa modem babban zauren jira don kada ƙunshi ko ɗaya ya faɗi. Amma TCP da faɗuwar ƙunshi yake gane cewa hanya ta cika ya sassauta. Da aka hana faɗuwa, sai mai ɗorawa ya yi ta turawa har zauren ya cika maƙil. Ka tuna ƙofar ɗorawa a kebul siririya ce. Duk abin da zai fita, har muryarka a kiran waya, sai ya bi bayan wannan dogon layi, jiran da kan kai daƙiƙa guda. Har amsar nan ta "ya iso" da ɗan garuwa ke jira tana cikin layin. Shi ya sa cikar ɗorawa ke durƙusar da saukewa.

Maganin ya zo a 2012, lokacin da Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da CoDel, dabarar da ke auna daɗewar ƙunshi a layi ta hana shi tsawo. Daga ita aka samu fq_codel da CAKE, masu raba layin gida gida yadda ƙaramin saƙo ba zai jira babban fayil ba. DOCSIS 3.1 ma ya wajabta wa modem wata dabara mai kama da ita, PIE. A rautoci da yawa, da masu ɗauke da manhajar OpenWrt, ana iya samun saitin da sunan SQM. Yadda ake yi shi ne ka auna ainihin gudunka, ka rubuta wa rauta kimanin kashi 90 cikin 100 nasa. Da haka layin jira zai tashi daga modem, inda ba ka da iko, ya dawo rauta, inda ake tsara shi da adalci. Fast.com yana nuna jinkiri iri biyu in ka buɗe ƙarin bayani, na layi a sake da na layi ɗauke da kaya. In tazarar ta kai ɗaruruwan milisakan, kana da wannan ciwon.

A wajenmu

Intanet ta wayar talabijin ba ta yi saiwa a Kano ko Maraɗi ba. Mu rautar sim muka sani, da MiFi, da faiba a wasu unguwannin manyan birane, sai Starlink da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Amma bidiyoyin dabarun sun iso mana, an ƙara musu da na canja APN, wato saitin da sim ke bi ya shiga intanet. Ma'aunin ɗaya ne. Siginar da ke tsakaninka da eriya, yawan mutanen da ke kanta, da inda ka ajiye rauta su ne masu hukunci, kuma kumburin jira ya fi tsanani a layin wayar hannu.

Akwai kuma nisa, wanda ba ya jin saiti. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne da ta fara aiki a 2010 kilomita 7,000 ce daga Fotugal zuwa Legas. Haske a cikin faiba yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa milisakan 70 ne tun kafin a hau tudu a nufi Arewa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka tsaya, ba wanda DNS ya ceta.

Kafin na bar gidan yayana mun mayar da duk abin da ya taɓa a kwamfuta yadda yake, mun goge manhajar nan, mun cire wani tsohon ƙarfen raba waya da muka tarar a bayan kabad. Saiti ɗaya tak muka canja, a rauta: muka rubuta mata 270 a saukewa, 18 a ɗorawa. Ya daɗe yana kallon lambobin.

Ya ce, "Wato ni da na biya 300, da hannuna zan rubuta 270?"

Na ce, "Gwada kiran Hajiya yanzu, ga yara can suna tura bidiyonsu."

Ya kira Kano. Suka yi minti arba'in, har ta ba shi labarin bikin da bai je ba, bai ce "kina ji na?" ko sau ɗaya ba.